Tabkin da Muka Gina a Bayan Lakwal

Ina sabuwar amarya aka aike ni wanke tabarmi a ƙoramar garinmu, can kusa da inda take zuba cikin tabki. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, kuma babu ko ƙyallin gajimare bisa dutsenmu. Ina durƙushe sai na ga karan dawa yana tafiya a kan ruwa. Kara a kan ruwa ba abin kallo ba ne, sai dai wannan ya juya wa tabki baya, ya nufi dutse, inda ruwan yake fitowa. Na ce idona ne. Na tsinko ganyen sabara na jefa. Shi ma ya bi karan, a hankali, kamar tsoho mai hawan tudu.

Na bar tabarmin nan na sheƙa gida wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kowa ke kira Kaka. Iyayenta ba su yi salla ba sai da girma ya kama su, kuma a da gidansu ne ke kula da al'amarin tabki. Na ce, "Kaka, ruwa na hawa dutse!"

Ko ɗago kai ba ta yi daga kaɗinta ba. Ta ce, "Mai tabki ya ƙoshi, shi ya sa shina maido ma ƙorama abinta. Ina tabarmin mutane?"

Na ce wane ne shi, kuma da me yake turo ruwan? Ta ce amaryar da ba ta san inda ake aje gishiri a gidan mijinta ba, ita ce za ta san cikin tabki? Na koma na tarar da tabarma ɗaya ta bi karan dawa. Na sha faɗa a kanta. Faɗan ya wuce, tambayar ta zauna mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Sai fari ya zo. Ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya yi waɗancan shekaru a ƙasarmu ta Adar ba ya bukatar a tuna masa. Tabki ya janye har ya zama laka mai tsaga, awaki suna ratsa shi. Rijiyoyin lambu na sama suka ƙafe, mutane suka yi ta gangarawa suna bin lema, har lambunan albasa suka taru a bakin ƙorama, dab da mashigarta. Rudu ma ya bi lambu. Rudu shi ne ɗakin kara da muke ɗorawa bisa ƙafafun itace, a zuba albasa a ciki bayan girbin bazara, ta sha iska ta tsallake damina. Wa zai ɗauki albasa a ka ya hau tudu da ita alhali ga fili kusa da rijiya? Yaran da suka tashi a lokacin ba su taɓa ganin tabki cike ba. Manyan da suka gani kuwa sun daina maganarsa, kamar yadda ake daina ambaton wanda ya tafi bai aiko ba.

Ni abin da nake da shi a rudu ba na kasuwa ba ne. Albasar iri ce, wadda mahaifiyata ta bar mini: ja mai duhu, siririn wuya, ba ta saurin ruɓa. Kowace shekara nakan zaɓi uwaye masu kyau in aje, idan sanyi ya shigo in dasa su, su yi fure, in karkaɗe baƙin irin. Mahaifiyata ma haka ta karɓa daga tata uwar. A fari na rasa awaki, na rasa tasoshin aurena, amma ban bari irin nan ya yanke ba. Idan uwayen suka ruɓe damina guda, shi ke nan, an gama.

Da ruwa ya fara dawowa, mijina yana Abijan, ƙannensa ma duk sun fita. Wanda ke ɗaura mini rudu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mutum mai hannu a aiki da baki a magana. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma ya ce sai dai in ni ce baiwarsa. A farkon wata damina aka yi ruwa bisa dutsenmu irin wanda ba mu gani ba tun kafin fari. Ƙorama ta sauko tana ruri, ja wur, da itatuwa da mushen jaki. Muka tsaya muna salati, muna jiran ta kwashe rudunan. Ba ta ko leƙo gaɓa ba. Ta zarce fuu cikin busasshen tabki, kafin la'asar ta lafa.

Daga ranar taubashina ya samu abin faɗi. Da bazara ta zagayo, lokacin ɗaura sabon rudu, ya kafa ƙafafun a wuri na da. Na ce masa hankalina bai kwanta ba, na ba shi labarin karan dawa.

Ya ce, "Ke baiwata, ruwan bara da ya ɗauki jaki bai taɓa wurin ga ba. Wane ruwa kike jira, na Annabi Nuhu?"

Na ce, "Na ga ruwa ya hau dutse da idona."

"To ranar kin sha fura mai tsami. Miƙo min igiya."

Ban miƙa ba. Amma ni ma ban san dalili ba, kuma na tsani in yi gardama a kan abin da ban sani ba.

A shekarar ne aka buɗe karatun manya a garinmu. Ina da ɗiya budurwa lokacin da na fara riƙe alli. Bayan yara sun tashi daga lakwal, wato makarantar boko, mu mata mukan shiga mu zauna bisa ƴan bencinansu, gwiwoyinmu har haɓa. Malaminmu saurayi ne ɗan Madawa, muna ce masa Mushe. Wata rana yana koya mana rubuta "ruwa" da "tudu" da "kwari", ya zana dutse a allo, ya ja layi zuwa wani da'ira, ya ce ruwa kullum daga sama yake zuwa ƙasa.

Na ce, "Mushe, ba kullum ba."

Mata suka fara dariya, sun san halina. Na faɗa masa abin da na gani. Na zaci zai ce in bari sai an tashi. Sai ya aje alli, ya juya yana kallon zanensa.

Ya ce, "Inna, ban sani ba. Ban taɓa gani ba. Amma a makarantar da anka koya muna malanta, in abu ya fi ƙarfin ido, sai a yi ƙaraminsa a duba. Mi zai hana mu gina ƙaramin tabki?"

Wata daga bayana ta ce, "Da furfurarmu za mu koma wasan ƙasa?"

Na ce wadda ba ta so ta tafi ta yi daka.

Bayan lakwal akwai fako. Nan muka haƙa rami kamar faɗin faifai uku, muka ja masa ƴar hanya daga wani tudun ƙasa da muka tara. Mushe ya ɗebo ruwa a buta ya zuba. Ƙasa ta shanye shi tun bai kai rabi ba. Muka tsaya muna kallon jiƙaƙƙen layi. Mushe ya ce sai dai a samo siminti. Matar nan da ta ce wasan ƙasa ne, ita ce ta yi tsaki ta ce wa ya taɓa jin an nemi siminti ga matan da suka iya daɓe? Washegari ta zo da madaɓinta. Muka kwaɓa laka da tsakuwa, muka daɓe tabkin da ƙoramar kamar ɗakin amarya, muka shafe da makuba, muka bar rana ta yi aikinta.

Da ya bushe muka cika ramin da ruwa, muka zuba daga tudu, na watsa ƙaiƙayi a kai don mu ga tafiyar ruwan. Ƙaiƙayi ya gangara sumul ya faɗa tabki. Muka sake. Haka dai. Babu abin da ya koma baya. Taubashina, wanda labari ya kai wa, ya zo ya jingina da bangon lakwal.

Ya ce, "Sannunku da aiki, manyan masu gina madatsar ruwa. Yaushe za a fara kamun kifi? A aje min kai."

Na koma gida raina a ɓace. Amma da safe, maimakon in tafi itace, sai na bi ƙorama da ƙafa, daga gindin dutse har mashiga, ina jin ta a gwiwoyina. A sama gangare ne sosai, sai ka riƙa taka birki da dugadugai. Daga wajen wata tsohuwar tsamiya kuwa, ƙasa ta kwanta. Na yi ta tafiya ban san ko sauka nake ko hawa ba. Na tuna jakin da ke ɗauko mana ruwa ba ya nishi a wannan yanki ko ta wace fuska ya bi. Ƙoramar da muka daɓe kuwa, tun daga kai har gindi zamiya ce, kamar indararo.

Na gaya wa Mushe. Idonsa ya yi haske. Muka fasa rabin ƙasa na ƙoramar muka sake ta kusan a kwance. Shi kuma ya kafa mana doka biyu da har yau nake aiki da su ko a miya: a auna ruwan da gwangwanin tumatir ɗaya, kada kowa ya zuba da son ransa, kuma kada a canja abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za mu san wanda ya yi aikin ba.

Muka fara da tabki babu ruwa. Na juye gwangwani cike, da ƙarfi, kamar ruwan da ya ɗauki jaki. Ya wuce da gudu, bai taɓa gaɓa ba. Muka cika tabki har baki. Don zumuɗi na karya dokar Mushe, na zuba rabin gwangwanin nan, a hankali ma. Ruwan ya sauko, da ya iso inda ƙasa ta kwanta sai ya rage gudu, ya yi kamar mai neman wuri a cikin taron biki, ya kumbura, na baya ya tarar da na gaba, sai ga shi ya malalo ta gaɓa, can sama da mashiga. Daidai inda na dasa ƴan tsinke a madadin rudu.

Na ce a sake. Muka sake har ruwan tulu ya ƙare. Babban ruwa a kan tabki mai yunwa ba ya ɓarna. Ƙaramin ruwa a kan tabki ƙosasshe shi ke hawa gaɓa. Duk shekarun nan dutse muke kallo idan hadari ya haɗu, ba wanda ke waiwayar tabki.

Amma ƙaiƙayin tsayawa ya yi, bai koma baya ba, ni kuma karan dawa na gani yana hawa, ranar da sama take tas. Na kwana biyu ina juya abin. Sai na tuna ba ƙoramarmu kaɗai ke ciyar da tabkin ba. Akwai wata babba da ke shigowa ta ɗaya gefen, daga duwatsun wajen Garhanga, wadda mu ba ma lissafa ta domin ba ta bi ta gonar kowa a garinmu. Muka daɓa mata tata hanyar. Muka cika tabki, muka bar tamu ƙoramar da ɗan ruwa kwance, na watsa ƙaiƙayi, Mushe ya zuba gwangwani ta can gefen.

Ƙaiƙayin ya motsa. Ya juya. Ya kama hanyar tudu, a hankali, irin tafiyar nan ta tsoho.

Na yi guɗa, ni da ban taɓa yin guɗa a bikin kowa ba. Ruwan bai saɓa wa Mushe ba: daga sama yake zuwa ƙasa. Sai dai a wannan sa'a tabkin ne sama.

Na jawo taubashina da hannun riga na nuna masa. Ya kalla sau biyu, ya daina murmushi, sa'an nan ya yi tambayar da ta fi duk ba'arsa ciwo. Ya ce, "To na gani. A wanga naki ruwa ya hau taki biyu. A na Allah fa, ina zai tsaya? Gindin rudu? Masallaci? Ko har garin Tamaske?"

Na dubi Mushe. Ya girgiza kai ya ce abin da muka gina yana nuna yadda abin ke faruwa, amma ba zai faɗi iyakarsa ba, sai an auna ƙasar gaske da kayan da ba mu da su. Na ji haushinsa, na kuma ga girmansa.

Sai na koma wajen Kaka. Ta tsufa ƙwarai lokacin, tasbaha ba ta barin hannunta. Na ce ta nuna mini inda ruwa yake tsayawa a zamanin iyayenta. Ta ce ita ta tuba da waɗannan abubuwa, kada in ja mata a riƙa nuna ta a gari.

Na ce, "Ban ce ki yanka komi ba, Kaka. Wuri kawai nike so."

"Ke dai tun kina amarya ba ki bar mutum ya huta."

Ta dafa kafaɗata muka tafi da hantsi. Ba ta tsaya ko'ina ba sai gindin tsamiyar nan inda na ji ƙasa ta kwanta. Ta sa sanda ta tone rairayi, sai ga wani baƙin dutse mai sulɓi. Ta ce nan mahaifinta yake zuwa da farar fura idan ruwa ya hawo, ya zuba, ya ce an ga gaisuwa, a koma lafiya. Ta ce ba a taɓa kafa rudu ko rumbu ƙasa da dutsen nan ba, sai da fari ya sa mutane suka manta.

Na ce, "Kuma in an zuba furar sai ya koma?"

Ta harare ni. "Shina komawa mana. Ko ba a zuba ba shina komawa. Amma wa zai gwada?"

Sama da tsamiya na ce a kafa mini rudu. Taubashina ya ɗaura shi yana mita, ya ce shi nasa yana nan inda yake, ba zai ɗauki albasa a ka kamar mai zuwa Makka ba saboda ƙaiƙayi. Na sa ya ƙara wa ƙafafun tsawo, ba don wani ilimi ba, don dai in ƙara masa aiki. Ni da ɗiyata muka yi ta jigilar uwayen albasa a kwando cikin zafin bazara.

Damina ta zo ta wuce, tabki bai kai rabi ba. Na sha ba'a. Duk inda na gitta sai taubashina ya ɗaga murya: "A ba ta hanya, ga sarauniyar ruwa!" Mata biyu da suka bi ni suka hau tudu, da shekara ta juyo suka koma ƙasa. Ni ban koma ba. Ba taurin kai kaɗai ba ne, ko da yake akwai shi. Na ga ƙaiƙayin da idona.

Daminar da ta biyo ta yi albarka. Tun tsakiyarta na daina kallon dutse, tabki nake zuwa dubawa. Na ga ya cinye lakar, ya cinye hanyar awaki, ya zo ya kwanta a bakin mashiga. Wata rana da hantsi, gero ya yi kai, samanmu tas, na hango gabas ta yi baƙi ƙirin wajen Garhanga. Ko iska ba ta iso mana ba. Na aje taɓarya na nufi gidan taubashina.

Na ce, "Bawana, tashi ka kwashe albasarka."

Ya dubi sama, ya dube ni. Ya ɗauki buhuna.

Bayan azahar ruwan ya iso. Ba ruri, ba kumfa, ba jaki. Ƙorama dai ta yi ta cika daga ƙasa zuwa sama, shiru, kamar ana zuba mai a kwalba. Mutane suka fito suna gudu da kwanduna. Wasu sun fid da rabi, wasu ba su fid da komi ba, domin wa zai yarda da ambaliya rana tana bisa kansa? Na tsaya a gindin tsamiya na jefa karan dawa. Ya wuce ni ya yi sama.

Sai dai ruwan bai tsaya a baƙin dutsen Kaka ba. Ya rufe shi, ya zagaye tsamiya, ya shiga ƙarƙashin ruduna. Na shiga har gwiwa na sa hannu a ƙafar itacen, ina jin ruwan yana hawa yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Babu inda zan kai albasar, babu mai taya ni, kowa yana ta kansa. Ya rage kamar faɗin tafin hannu ya taɓa shimfiɗar karan, sai ya tsaya. Na daɗe a tsaye. Can na ga wani ɗan ganye da ya maƙale a zanena ya saki, ya juya, ya nufi tabki.

Tsawon da na sa aka ƙara don mugunta, shi ya cece ni. Na faɗa wa taubashina haka, ya ce ai ya sani, shi ya sa ya yarda.

Abin da ya hana ni sukuni bayan nan shi ne dutsen Kaka. Me ya sa ruwa ya wuce iyakar da iyayenta suka sani? Da ƙasa ta bushe na koma bayan lakwal. Mushe an riga an mai da shi wani gari wajen Buza, amma tabkinmu yana nan, ya ɗan tsattsage. Na liƙe shi. Na tuna jan ruwan da ke saukowa daga dutse tun da fari ya cinye itatuwa, da yadda yake barin rairayi a mashiga. Na ɗebo rairayi na zuba a cikin ramin, ban canja komi ba sai shi, na auna da gwangwanin nan. Ruwan ya wuce inda yake tsayawa da. Tabkin da cikinsa ya cika da ƙasa ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, sai ya turo saura. Na kai wa Kaka labari, ta ce to, mai tabki ma tsufa ya kama shi, ɗan kaɗan yake ci ya ƙoshi. Ban yi mata gardama ba. A shekarar da ta biyo na ƙara hawa da ruduna.

Taubashina ya fid da albasar kasuwarsa, amma ta iri, wadda ya tura can ƙarshen rudu, ta jiƙe ta ruɓe. Da sanyi ya shigo ya zo ƙofar gidana yana sosa ƙeya, yana tambayar lafiyar awakin da ya san ba ni da su. Na bar shi ya gama. Sa'an nan na fito da kwando na zaɓar masa uwaye daga na mahaifiyata, wadda shi ma a hannunta ya ci tuwo.

Na ce, "Faɗi wace ce ni."

Ya ce, "Baiwata ce, wadda ta iya ajiya."

Na karɓe kwandon. Ya riƙe gefensa da sauri ya ce, "Uwar ɗakina! Uwar ɗakina, sarauniyar ruwa, a yi haƙuri!"

A ranin nan irin ya yi fure a lambu biyu, fari fat, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa tsakaninsu.